Ina salla, ina azkar, amma zuciyata ba daɗi: imanina ne ya lalace?

Assalamu alaikum Malama. Shekarata 29, ina da aure da 'ya'ya uku, ƙaramin watansa bakwai. Tun da na gama wankan jego na rasa gane kaina. Ba na fashin salla, ina azkar safe da yamma, ina karanta abin da ya sawwaƙa na Alƙur'ani in yara sun bar ni, amma zuciyata kamar an ɗora mata dutse. Abinci ba ya yi mini daɗi, barci ba ya zuwa ko da jaririn ya yi barci, kuka kuwa ba sai da dalili ba. Maigidana ba ya cutar da ni, sai dai kasuwa ta ja baya, bashi ya yi masa yawa. Na faɗa wa wata da muke Islamiyya tare, sai ta ce mumini ba ya shiga damuwa, ta karanto mini ayar da ta ce wanda ya juya baya ga ambaton Allah zai yi rayuwar ƙunci, ta ce in binciki kaina. Ga maƙwabciyata, a ganina ba ta kai ni ibada ba, amma kullum cikin raha take. Malama, imanina ne ya lalace? Ko munafuka ce ni ban sani ba? Wani lokaci har nakan ji da ma in kwanta kada in farka.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Sannu. Allah Ya yaye miki, Ya raya mana jaririn.

Zan fara da maganarki ta ƙarshe, domin ita ce ba za ta jira ba. Wannan jin na "da ma kada in farka", ki faɗa wa mutum ɗaya yau ɗin nan, kafin ki kwanta: maigidanki, ko mahaifiyarki, ko wata yayarki da kika amince da ita. Ki faɗa da kalmomin da kika rubuto mini, kada ki sassauta su don kunya. In kuwa tunanin ya taɓa kai ki ga son cutar da kanki ko jaririn, to a ranar za a kai ki asibiti, ba gobe ba. Na san nauyin furta irin wannan magana a gidajenmu. Amma Alƙur'ani bai ɓoye mana cewa Nana Maryam, da naƙuda ta kama ta a gindin dabino ita kaɗai, ta ce da ma ta mutu kafin wannan ta zama abin da aka manta ba. Amsar da aka ba ta kuwa babu faɗa a ciki. An ce kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa yana gudana, ta girgiza dabino, ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta.

To, ga tambayarki. A'a, babu abin da na gani a wasiƙarki da ke nuna lalacewar imani, kuma ayar da aka karanto miki ba a kanki take ba. Aya ce ta 124 a Suratu Ɗaha, kuma ta faɗi wanda take nufi: wanda ya juya baya. Ke da ke kan sallaya sau biyar, da azkar safe da yamma, ina kika juya baya? Ƙawarki ta juya maganar ne. Ayar ta ce mai juya baya zai shiga ƙunci, ba ta ce duk mai ƙunci ya juya baya ba. Duk wanda ruwan sama ya doka zai jiƙe, amma ba duk jiƙaƙƙe ne ruwan sama ya doka ba. Wani daga rafi yake, wani gumin aiki ne. Ƙari a kan haka, an ruwaito daga wasu sahabbai cewa ƙuncin da ayar ke nufi azabar kabari ce, kuma wannan fassarar Imamu Ɗabari ya zaɓa a tafsirinsa.

Da a ce mumini ba ya baƙin ciki, da me za mu ce game da Annabi Yaƙub, wanda ya yi ta kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari? Shi ne ya yi alkawarin haƙuri mai kyau, kuma shi ne ya ce wa 'ya'yansa yana kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah ne. Haƙurin da kukan a ƙirji ɗaya suka zauna shekara da shekaru. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da ɗansa Ibrahim ke kan gargara, hawaye ya zubo masa, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da zai yardar da Ubangijinmu. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman sira sun sa mata suna shekarar baƙin ciki. Kuma ki lura da godiyar 'yan Aljanna a Suratu Faɗir: godiya ta tabbata ga Allah da Ya tafiyar mana da baƙin ciki. Wanda bai taɓa ɗaukar kaya ba ai ba ya godiya don an sauke masa.

Inda rikicin yake, a ganina, shi ne mun ɗauki kalma ɗaya, farin ciki, mun ɗora mata kayan kalmomi biyu. Akwai murna da annashuwa, abin da ke zuwa ranar suna ko ranar da aka biya albashi, ya wuce in lokacinsa ya yi. Akwai kuma abin da malamai ke kira sa'ada, kalmar da muke sa wa 'ya'yanmu suna da ita, Sa'adatu da Sa'idu da Mas'udu. A Alƙur'ani, asalin wannan kalma sau biyu ya zo, duka a Suratu Hud, aya ta 105 da ta 108, kuma duka a kan Ranar Alƙiyama suke magana, ranar da za a raba mutane gida biyu, mai rabo da marar rabo. Shi ya sa malaman tauhidi na Ash'ariyya, waɗanda littattafansu aka daɗe ana karantawa a zaurukanmu, suka ce mai sa'ada shi ne wanda ya rasu da imani. Ba su auna ta da yawan dariyar mutum ba.

Ko ayar da ta yi wa mumini alkawarin rayuwa mai daɗi a Suratun Nahli, aya ta 97, magabata ba su fassara ta da cewa zai yini cikin annashuwa ba. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa arziki ne na halal. An ruwaito daga Sayyidina Ali cewa wadatar zuci ce. Hasanul Basri kuwa cewa ya yi rayuwa ba ta yi wa kowa daɗi sai a Aljanna.

Masana falsafa na Musulmi sun bi ta wata hanya suka iso kusa da nan. Farabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a shekarar 950 miladiyya, ya ce sa'ada ita ce alherin da ake nema don kansa, ba don a kai ga wani abu da shi ba, kuma ya raba ta da abubuwan da mutane ke zaton su ne ita, kamar dukiya da jin daɗi da ɗaukaka. A wurinsa cikar ruhi ce, da ilimi da kyawun hali ake kai gare ta, kuma mutum ba ya kai wa shi kaɗai sai cikin jama'a masu taimakon juna. Miskawaihi, da ya rasu a 1030, ya bi wannan layi a littafinsa na gyaran ɗabi'u, amma duk da haka sai da ya keɓe sashe a ƙarshensa don maganin tsoron mutuwa da baƙin ciki, domin ya san mai kyawun hali ma suna samunsa. Malaman tauhidi sun yi jayayya mai zafi da masana falsafa a kan mas'aloli da yawa, amma a wannan gaɓar bakinsu ya zo ɗaya: sa'ada daban, jin daɗin zuciya na yau da gobe daban.

Bari in ɗan tsaya a kan Imamu Gazali, domin shi ya haɗa gidajen biyu, kuma shi kansa ya ɗanɗana. A shekarar 1095 yana kan ganiyarsa, yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗari uku a gabansa. Ya ba da labari da kansa cewa ya yi kusan wata shida cikin ja-in-ja da zuciyarsa, har harshensa ya ɗaure, ya zo zai yi darasi kalma ɗaya ta ƙi fita. Baƙin cikin haka ya sauka a cikinsa, abinci ya ƙi narkewa, ko romo ba ya wuce masa da daɗi. Likitoci suka duba suka ce wannan abu ne da ya sauka a zuciya ya ratsa zuwa jiki. Dalilin nasa ba irin naki ba ne, shi tuhumar niyyarsa yake yi a kan koyarwa da neman suna, har ya bar Bagadaza ya yi kusan shekara goma sha ɗaya a keɓe. Amma dubi mutumin da Musulmi suka yi wa laƙabi da Hujjatul Islam, ga shi ba ci ba magana, kuma likitoci na shiga suna fita a kansa. Babu wanda ya ce kiran likita ya rage masa daraja.

Wannan malamin, da ya zo lissafa ni'imomin da ke kai bawa ga sa'adar lahira, bai tsaya a kan ilimi da kyawun hali kaɗai ba. Ya kasa su gida huɗu, kowane gida da abu huɗu. Akwai na ruhi, akwai na dacewa daga Allah kamar shiriya, sannan ya sa na jiki, cikinsu har da lafiya da ƙarfi, ya sa na waje, cikinsu har da dukiya da iyali. Ba daga kansa ya ƙago ba. A hadisin da Ibn Hibban ya ruwaito, an lissafa abu huɗu cikin sa'ada: mace ta gari, gida mai yalwa, maƙwabci na gari, da abin hawa mai daɗi. Kuma addu'ar nan ta Annabi da ke cikin Buhari, wadda ta fara da neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da me ta ƙare? Da neman tsari daga nauyin bashi da rinjayen mazaje. Saboda haka bashin da ke kan maigidanki ba ƙaramin abu ba ne da za a ce mai imani ba ya jin sa. Yana cikin gidanki, yana cikin tukunyarki, dole ya taɓa zuciyarki.

Amma zatona mafi ƙarfi yana wani wuri, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki sosai. Akwai wani malami mutumin Balkh, a ƙasar Afganistan ta yau, Abu Zaid al-Balkhi, ya rasu a 934. Ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai a haɗe, yana ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun kula da jiki sun bar rai. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu. Na farko mai sanannen dalili, kamar mutuwar masoyi ko asarar dukiya. Wannan da nasiha da gyaran tunani ake maganinsa. Na biyu kuwa shi ne wanda ke sauko wa mutum ba tare da ya san dalili ba, ya lulluɓe shi, ya hana shi kuzari da jin daɗin duk abin da ya saba jin daɗinsa. Wannan, in ji shi, daga jiki yake tasowa, kuma jikin ake yi wa magani, tare da ɗebe wa mai shi kewa da hira da abin da zai faranta masa. Fiye da shekara dubu ke nan da malamin Musulunci ya rubuta haka, bai kuwa kira shi raunin imani ba.

Ki sake karanta wasiƙarki da wannan a zuciya. Abin ya fara bayan haihuwa. Ba ci, ba barci ko da an samu dama, kuka ba dalili, wata da watanni. Ni ba likita ba ce, kuma ba a gane ciwo ta wasiƙa, amma waɗannan su ne alamomin ciwon damuwa da ke kama mata bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na samun matsalar da ta shafi ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa irin wannan damuwar. Ki tuna matan da kuka haɗu da su a layin awo, ki ƙirga. Sinadaran jikin mace suna sauka da sauri bayan haihuwa, ga jinin da aka zubar, ga shayarwa, ga barci guntu-guntu na watanni. Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo ma kan kawo irin wannan kasala da nauyin zuciya, kuma gwajin jini na nuna su. Mai zazzaɓi in aka ba shi zuma sai ya ji ɗaci. Zumar ba ta canja ba, kuma tana yi masa amfani a jiki ko da harshensa bai ji zaƙinta ba. Haka nake kallon sallarki a wannan lokaci.

Malamin da ya karantar da Balkhi, wato al-Kindi na Bagadaza, yana da wata 'yar risala a kan dabarar kore baƙin ciki. Ya ce duk abin da ke hannunmu aro ne, mai shi in ya karɓi kayansa bai zalunce mu ba, kuma wanda ke son kada ya taɓa rasa komai yana neman abin da babu shi a wannan duniya. Magana ce mai kyau, kuma za ta yi muku amfani ke da maigidanki a kan abin da kasuwa ta cinye. Sai dai ba zan ba ki ita a matsayin maganin abin da ke damunki ba. Irin ciwon da Balkhi ya sa a gida na biyu ba ya jin hujja. Kina iya yarda da kowace kalma ta wa'azi, ki tashi da dutsen nan a ƙirjinki, sai ki ƙara zargin kanki cewa wa'azi ma ba ya shigarki. Wannan zargin ne nake so ki ajiye.

Maganar munafunci kuma, wani ya riga ki. Hanzala, ɗaya daga marubutan Annabi, ya haɗu da Sayyidina Abubakar ya ce masa Hanzala ya munafunta. Dalilinsa, in suna gaban Annabi kamar suna ganin wuta da Aljanna da idonsu, in sun koma cikin mata da 'ya'ya da gonaki sai su manta da yawa. Abubakar ya ce wallahi shi ma yana jin haka. Suka je suka faɗa, Annabi ya ce da za su dawwama a halin da suke a gabansa da mala'iku sun riƙa musafaha da su a shimfiɗunsu da hanyoyinsu, amma ya Hanzala, lokaci da lokaci. Muslim ne ya ruwaito. Munafuki ba ya kwana yana kuka don tsoron ko shi munafuki ne. Kuma in kin kai Risala a karatunki, ki duba yadda Ibn Abi Zaid ya bayyana imani: furuci da harshe, ikhlasi da zuciya, aiki da gaɓɓai. Bai sa jin daɗi cikin sharuɗɗan ba.

Kada ki fahimce ni kamar ina cewa imani ba ya kawo wa zuciya komai a duniya. Yana kawowa. Zaƙin imani gaskiya ne, hadisi ya ambace shi, kuma Allah Ya ce da ambatonSa zukata ke natsuwa. Amma natsuwa ba murna ba ce. Ni nakan kwatanta ta da turke. Dabbar da ke ɗaure, ruwa na dukanta, iska na kaɗa ta, tana zagaye tana kuka, amma gari zai waye a same ta a gida. Ke da abin ya yi miki tsanani, ina kika nufa? Ba ki je wurin boka ba, ba ki bar salla ba, tambayar da ta fi ci miki rai ma ita ce ko Allah Ya yarda da ke. Malaman sufanci suna kiran irin wannan hali ƙuntata, kishiyarsa yalwata, kuma sun ce duka biyun suna zagayowa kan bawa kamar dare da rana. Ibn Aɗa'illah na Misra, da ya rasu a 1309, ya yi nasiha cewa kada ka bar zikiri don ba ka jin zuciyarka na halarta a cikinsa, domin rafkana ga barin zikirin ta fi muni a kan rafkana a cikinsa.

Maƙwabciyarki kuwa, ki bar ta. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mu mata mun san fuskar da ake shiryawa don tsakar gida. In ma da gaske tana cikin daɗi, wani Allah Ya halicce shi da sakin rai kamar yadda Ya halicci wani dogo. Ba ki san abin da ke tsakaninta da Ubangijinta ba, kamar yadda ƙawarki ba ta san naki ba.

Abin da nake so ki yi a wannan mako shi ne ki je asibiti, ko inda kika yi awo ne, ki ce tun bayan haihuwa ba kya ci, ba kya barci, kina kuka, ki faɗi har tunanin nan na ƙarshe. Ki nemi a duba jininki. In sun tura ki wurin likitan ƙwaƙwalwa ki je, zuwa wurinsa ba hauka ba ne. Akwai magani ta hanyar zama a tattauna, akwai na sha, cikinsu har da waɗanda mai shayarwa ke iya sha in likita ya zaɓa mata. Sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, don haka kada ki yanke ƙauna a kwana biyar, kada kuma ki saya da kanki a kemis. Ki ci gaba da addu'a da tofi a kanki da ayoyin da kika sani, ba sa karo da magani. Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi na garin sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa, ta ce ta ji Annabi yana cewa tana hutar da zuciyar marar lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. A gidan Annabi ma ta cikin kwano aka bi aka taimaki zuciya. Amma duk wanda ya ce miki aljanu ne ya yanka miki kuɗi, ya hana ki zuwa asibiti, ki guje shi.

Ki riƙe farilla da 'yan azkar kaɗan da ba za su gagare ki ba, sauran nafila ki sassauta wa kanki har ki murmure. Aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ki nemi a ba ki barci. In da hali ki je gida wurin Mama na mako biyu ko uku, in babu, a samo wata ƙanwa ko gwaggo ta zo ta riƙe manyan yaran, ta karɓi jaririn bayan kin shayar da shi. Ƙawarki ta Islamiyya ki yafe mata, alheri ta nufa ilimin ne bai kai ba, amma kada ki sake kai mata wannan maganar.

Ki ba maigidanki wannan amsa ya karanta. Malam, na san kai ma kana ɗauke da naka, Allah Ya buɗa maka, Ya biya maka bashinka. Amma matarka ba ta da lafiya ne, ba raki take yi ba, kuma kai za ka riƙe hannunta ka kai ta asibitin nan.

Ƙanwata, ki sake rubuto mini bayan kin ga likita. Ina son in ji abin da ya ce, da kuma wanda aka samu yake taya ki kwana da jaririn.